Idan na ajiye wasu ayyukan ikilisiya don jinyar mahaifiyata, rashin biyayya ne?

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma ni ce ke riƙe da littafin zumuntar mata. Yanzu mahaifiyata tana kwance, ko juyawa sai an juya ta. Da na nemi a rage mini aiki, wani shugabanmu ya ce wanda ya kama garma yana waiwaye bai cancanci Mulkin Allah ba. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Ku ba ni shawara.

Wani dattijon ikilisiya: 'Yata, sannu da jinya, Allah ya ba Mama lafiya. Ayar da aka jawo miki tana Luka 9:62, kuma kan bin Almasihu take magana. Ke kuwa ba ki ce za ki daina binsa ba. Ki buɗe Markus sura 7. A can Yesu ya tsawata wa Farisiyawa don sun bar mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah, shi ke nan ya wanke hannunsa. Yesu ya ce da al'adarsu suka soke maganar Allah. Shi kansa ma yana bisa gicciye, a tsakiyar azaba, sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna. To, wa zai ce miki jinyar uwa ba hidima ba ce?

Wani matashi: Baba, a gafarce ni, amma ina gudun kada mu sauƙaƙa abin da yawa. Sarki Dawuda ya ƙi karɓar masussukar wani mutum mai suna Arauna kyauta, ya ce ba zai miƙa wa Ubangiji hadayar da bai kashe komai a kanta ba. Hidimar da ba gajiya a cikinta, anya?

Dattijon: Gaskiyarka, ɗana. Sai dai wadda ke kwana a zaune a gefen mara lafiya ba sai an koya mata gajiya ba. Ka tuna kuma Saul ya bar dabbobin Amalekawa masu ƙiba, wai don hadaya, Sama'ila ya ce masa biyayya ta fi hadaya. Mutum na iya yin sadaukarwa mai yawa a inda ba a aike shi ba.

Wata uwa a zumunta: 'Yata, ni maganata kan yadda za ki sauka ne. Kada ki ɓace kawai a yi ta cigiyarki, nan ne ake samun ɓacin rai. Ki je wurin fasto da kanki, ki faɗi halin da ake ciki, ki kuma tafi da sunan wadda za ta karɓi littafin, ki zauna da ita ki nuna mata lissafin. Musa ma sai da surukinsa Yetro ya ce masa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sannan ya naɗa shugabannin dubu-dubu har zuwa na goma-goma. (Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba wanda ya tambaye ki wa ke karɓarki a jinyar.) Idan da hali ki riƙe ajin yaran, don yara ba sa saurin sabawa da sabuwar malama.

Mai tambaya: Na gode, Mama. Ajin zan riƙe. Shugaban nan fa, in koma in yi masa magana ko in bar wa fasto?

Uwar zumunta: Ki fara da fasto. Shugaban kuma ki ci gaba da gaishe shi yadda kika saba.