Shinkafata ta fara fitar da ganye kamar lawashi: in yi feshi ko in bari?

Ɗan Fadama: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina gefen Bida, na yi dashe a makare, yau sati 5. Wasu 'ya'yan sun fito fari-fari, dogaye, cikinsu rami kamar lawashin albasa. Kuɗin hannuna na yuriya ne. In sayi magani da su, ko in zuba takin?

Mai Rani: Wa alaikumus salam. Ka ƙara ruwa kawai.

Malamin Gona: Ba matsalar ruwa ba ce. Wani ɗan ƙuda ne mai kama da sauro. Tsutsarsa ke gangarawa cikin zuciyar shinkafa ta zauna, sai wurin ya zama wannan bututun. Duk wanda ya yi haka ba zai fitar da zangarniya ba. Duba saman bututun, in akwai huji, ƙudan ya riga ya fita. Feshin kan ganye ba ya kai wa tsutsar.

Baba Tsoho: Ɗana, ni na ga abin da idona. Bara sau uku na yi feshi, na sayar da tunkiyar uwargida na sayi magani. Mai shagon ya rantse min. Ban mai da ko kuɗin dashe ba, har yau ina jin nauyinta.

Mai Rani: Nawa ya ba ka kwalba, Baba? Ni dubu 4 na saya.

Baba Tsoho: Dubu 9.

Auta: To Ɗan Fadama ka gode Allah, shinkafa da albasa a gona ɗaya, saura mai da yaji.

Malamin Gona: Yuriya mai yawa tana ƙara wa ƙudan ƙarfi, ka raba takin. Baɗi ka yi dashe da wuri, ka kashe gyauro da shinkafar daji a bakin gona, can yake kwana da rani. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi na kusa da kai, ka tambaye su irin shinkafa FARO 51, tana jurewa.

Baba Tsoho: Malam, kai ka taɓa yin dashe da hannunka?

Malamin Gona: Tun ina yaro, Baba.

Hajiya Mai Turara: Ku bar maganar magani. Irin da aka sayar min bana, rabi ya nuna, rabi ko ciki bai ɗauka ba. Wa zan kama?

Ɗan Fadama: Na duba, yawancinsu da huji. Yuriyar fa, in zuba rabi?

Mai Rani: Hajiya, buhun naki da tambari ko a tiya aka auna miki?