Layin DSL a gidan haya a Ingila, sai na nemi kamfanin intanet daban ne?

Bakano_a_Coventry:
Salam jama'a. Don Allah mazauna Ingila a taimaka min. Na kama haya a Coventry, mai gidan yace wai akwai layin DSL, na duba bango kuwa naga wani farin soket an rubuta Openreach a jiki. Abinda ya ɗaure min kai shine in na biya kuɗin DSL ɗin shikenan intanet ya zo, ko kuwa sai na sake neman wani kamfanin da zai bani intanet ɗin? Wani abokina yace kuɗi biyu ake biya, na layi daban na ISP, wato kamfanin intanet, daban. Ni dai a gida sim na sani, ka sa ka sayi data ka huta. Yanzu da wayata nake jona kwamfuta, kuma madam da yara na nan tafe wata mai kamawa, ba zai ishe mu ba.

Injiniya_SK:
Wa alaikumus salam, sannu da zuwa ɗan uwa. Kamfani ɗaya zaka biya, kwantar da hankalinka. DSL ba intanet bane shi kansa, hanya ce ta tura data ta cikin tsohuwar wayar tagulla ta tarho, wato kamar titi ne shi kuma ISP shine mai motar da zai ɗauke ka. A nan Openreach ne ke da wayoyin da koren akwatunan nan da kake gani a bakin titi, reshen BT ne da aka kafa a 2006, amma su basa sayarwa mutum kai tsaye, ko ka kira su ma cewa zasu yi ka nemi kamfaninka. Kai dai ka zaɓi ɗaya, BT ko Sky ko TalkTalk ko Plusnet ko Zen, su zasu hayi layin daga Openreach su aiko maka da rauta, na'urar da ke raba intanet a cikin gida, ta gidan waya, bil ɗaya duk wata. Soket ɗin da ka gani kuma baya nufin layin na aiki, wanda ya tashi daga gidan ya tafi da kwantiraginsa.

Sannan kar ka maƙale a kan DSL. Ka shiga shafin kowanne cikinsu ka sa lambar unguwarku ka ga abinda ake samu a gidan. Tsohon nau'in DSL da ake kira ADSL ƙarshen gudunsa megabit 24 ne, shima a takarda, in kana nesa da ofishin layin ko rabi ba zaka gani ba. Wanda faiba, wato wayar zaren gilashi mai sauri, ke zuwa har koren akwati sannan tagulla ta ƙarasa gida yana kaiwa 80. In kuwa faiba ta shigo layinku har cikin gida to ita zaka ɗauka kawai, wasu wuraren ma sun daina haɗa sabon layin tagulla gaba ɗaya.

Dan_Agadez:
Injiniya ya gama magana, amma abokin naka ma ba ƙarya yayi ba fa, ƙila dai a wata ƙasar ya saba. Lokacin da nake Afirka ta Kudu haka tsarin yake, ka biya Telkom kuɗin layin tarho, ka biya na ADSL a kan layin, sannan ka je wajen Afrihost ko MWEB ka sayi data su baka suna da lambar sirri ka sa a rauta. In intanet ya ɗauke sai ka rasa wa zaka kira, mai layi ko mai data. A Amurka ma farkon zuwan DSL an yi haka, layi na kamfanin tarho intanet na irin su EarthLink. Ko a Ingilan ai da can ana raba kuɗin hayar layi da na intanet a bil.

Maman_Ilham:
Malam ni shawarata ka duba tsawon kwantiragin kafin ka danna komai. Yawanci wata 18 ne ko 24, in hayarka ta shekara ɗaya ce ka tashi zuwa inda basa kaiwa ko ka koma gida to akwai kuɗin fita, kuma ba kaɗan bane wallahi. Akwai masu na wata 12, sai dai ya ɗan fi tsada. Kuma ka yi oda tun yanzu, don wani lokacin sai an ɗau sati biyu kafin a kunna, balle in sai ma'aikaci ya zo gidan. Yara in sun sauka babu katun ai kai zaka ji a jikinka.

Bakano_a_Coventry:
Allah ya saka da alheri, na gane yanzu. Hajiya hayar shekara ce kuwa, gara da kika faɗa. Tambaya ta ƙarshe Injiniya, na tsinci wata rauta a cikin kabad wadda na baya ya bari, in na jona ta zata yi? Kuma dole sai na haɗa da lambar tarhon gida?

Injiniya_SK:
Fitila zata kama amma intanet babu, tunda babu kwantiragi a layin. Ka ba mai gidan ita, taka sabuwa zata zo. Tarho kuma ba dole bane, tun Satumban 2023 Openreach suka daina sayar da sabon layin tarho irin na da, yanzu intanet zalla ake haɗawa, mai son lambar gida sai ya jona tarhon a bayan rauta. In Virgin Media na unguwarku ka kwatanta farashinsu shima, su wayarsu daban ce basa bi ta wannan soket ɗin, amma ka tambayi mai gida tukuna don in ba a taɓa haɗawa ba sai sun huda bango.