An sallamo Baba: me za a dafa, kuma da wane kuɗi?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum jama'a. Wata ƙanwarmu da ke Agege a Legas ce ta ce a kawo mata wannan gabanku. An sallamo mahaifinsu daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, hawan jini ne sila. Hannun dama bai dawo ba tukuna, sai an ba shi a baki. Su shida ne a gidan, albashi ɗaya, sai ɗan abin da 'yan'uwa ke turowa daga Arewa. Tana so ta san me za a riƙa ba shi, da yadda za a tsara kuɗin kada su ƙare tun 20 ga wata. Masu sani, bismillah.

Nas, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ƙanwata sannu da jinya. Kafin a zo kan me zai ci, a fara duba yadda yake haɗiya, don wannan ciwon yakan taɓa maƙogwaro. Ku lura idan ya sha ruwa: yana tari ko ƙwarewa? Muryarsa tana jiƙewa kamar mai kurkurar baki? Abinci yana taruwa a kuncin da ya shanye? In akwai ko ɗaya, a koma wa likita da maganar, kada a jira ranar da aka ba ku. Tsurar ruwa ta fi tuwo haɗari a nan, saboda tana gudu kafin maƙogwaro ya rufe hanyar numfashi. Abin da ya zarce zuwa huhu shi ke zama nimoniya, wato ciwon huhu, kuma kwanciya ɗaya saboda ita za ta cinye cefanen wata biyu. A zaunar da shi tsaf, ba kishingiɗe ba. Ƙaramin cokali, a bari ya haɗiye kafin a ƙara. Bayan ya gama ya zauna minti 30 kafin ya kwanta, a kuma goge masa baki. In yana gyangyaɗi, a ɗaga abincin.

Mai famasi, Ketu: Sista ta fara da inda ya kamata. Ni kan kuɗi zan tsaya. Ranar da albashi ya shigo, maganin wata guda cif shi ne sayayyar farko, kafin shinkafa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi na kwana goma, ya ƙare, a ce ai jikin da sauƙi. Hawan jini ba ya sallama, kuma shanyewar jiki ta biyu takan fi ta farko muni. Ku roƙi likita ya rubuta sunan maganin na asali, misali amlodipine, ba sunan kamfani ba. Ƙwaya iri ɗaya kamfanoni da dama ke yin ta, farashi kuma ya bambanta sosai. A saya a famasi mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Na cikin danfo, wato bas ɗin haya, da na tire a kai, a bar su. Idan gaɓoɓi na ciwo kada a ba shi diclofenac ko ibuprofen, ko wannan “haɗin” da ake ƙullawa a leda; suna tayar da jini, suna wahalar da ƙoda. A tambayi likitansa abin da ya dace. Sannan ku nemi ofishin LASHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Legas, ku yi tambaya kan inshorar Ilera Eko: me take ɗauka, me ba ta ɗauka, yaushe take fara aiki bayan rajista.

Hajiya mai abinci, Alaba Rago: Allah ya ƙara sauƙi. 'Yata, shawarata a yi masa tukunyarsa daban, ƙarama, babu gishiri babu magi. Sauran mutanen gida su ci nasu yadda suka saba, kada yara su yi ta ƙorafi.

Mai ilimin abinci, Yaba: Hajiya, a gafarce ni, a nan zan ɗan saɓa. Tukunya biyu gas biyu ne, mai biyu, tsayuwa biyu, kuma ba a kai wata ana yi. Ga shi mai jinya ta gaji, sai ranar nan a ce “yau dai ya ci namu.” Tukunya ɗaya, a rage wa kowa gishiri. Hawan jini yana bin dangi, 'ya'yan Baba su ma ribarsu ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin burodi, magi, taliyar yara, kifin gwangwani, kilishi da yajin tsire. Dunƙulen magi kansa kaso mai yawa gishiri ne. In miyar gidan tana cin dunƙule huɗu da gishiri, wannan makon a sa biyu ba gishiri, mako mai zuwa ɗaya. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Idan kuna karanta jikin kwali, a ninka sodiyam sau biyu da rabi, shi ne gishirin.

Hajiya mai abinci, Alaba Rago: To na ji, malama, ku ne masu karatu. Amma in za a rage magi dole a san abin da zai tsaya a gurbinsa, in ba haka ba tsoho zai ture kwano, kuma majinyacin da ba ya ci ya fi ƙarfin kowane lissafi. Daddawa ita ce gaba. A daka ta da citta, tafarnuwa, masoro da ɗan kanumfari, a zuba tun wajen soya albasa ba a ƙarshe ba. Albasar ta yi yawa, a bar ta ta yi ja a hankali. Garin kirefish cokali biyu a tukunyar mutum shida. Iru, daddawar Yarbawa, ma yana yi, sai dai wani ana sa masa gishiri don ya daɗe, a ɗauraye shi. Ɗan tsamin lemun tsami ko tsamiya yana sa baki ya manta da gishiri. Sai kanwa: ita ma 'yar'uwar gishiri ce, a daina jefa ta a wake da kuɓewa. Wake in an jiƙa shi tun dare, aka zubar da ruwan, zai nuna da wuri ba kanwa, gas ya ragu, kumburin ciki ma ya ragu.

Mai ilimin abinci, Yaba: Wannan daidai ne, Hajiya. Sai abin gina jiki, don naman jikin wanda ke kwance zagwanyewa yake yi, kuma gashin ƙashi ba ya tasiri a jikin da ba ya samun furotin. Dattijo mai kilo 70 a nema masa giram 70 zuwa 84 a yini, muddin gwaji ya nuna ƙodarsa lafiya. In ƙoda ta taɓu, lissafin ya canza gaba ɗaya, sai abin da asibiti suka tsara. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Dafaffen kifi kamar tafin hannu wajen 20. Kofin dafaffen wake wajen 14. Kun ga ba sai da kaza ba. Shawa da kote sun fi titus araha galibi, kuma su ma kifaye ne masu mai irin wanda zuciya ke so. Shawa dai ƙaya ce da ita kamar me, sai an zauna an tsince da hannu an marmasa a miya. Ganda ba ta shiga wannan lissafin, taunawa ce kawai. Maltina da madara kuma ba sa “ƙara jini”, sukari ne ake saya da tsada.

Abin da zai fi rage muku kashe kuɗi shi ne garin kunun haɗi. Awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken soya, awo 1 na gyaɗa. A tsince, a zubar da duk gyaɗar da ta yi baƙi ko fumfuna, dafinta yana illa ga hanta kuma wuta ba ta kashe shi. A jiƙa waken soya, a cire ɓawo, a shanya ya bushe ƙarau. A soya kowanne daban ba mai har ya yi ƙamshi, a haɗa a kai inji, a tankaɗe. Damshin Legas ba ya raga wa gari, don haka a yi na mako biyu zuwa uku kawai, a rufe a roba mai murfi. Wajen damawa a dafa shi sosai a kan wuta, ba a zuba tafasasshen ruwa kawai ba. Da safe kunun nan da dafaffen ƙwai da aka murƙushe. Da rana faten wake da alayyafo, ko da dankalin Hausa. Da dare tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, kuka ko lalo, wanda nan suke kira ewedu, da kifi. Tsakani gwanda ko ayaba, gwandar ta fi in bayan gida yana masa wuya. Mai a auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga galan.

Mai kayan gwari, Mile 12: Salamu alaikum. Ni abin da na sani shi ne kasuwa. Gida ɗaya kada ya zo Mile 12 don cefanen kwana uku, kuɗin mota daga Agege da na ɗan dako za su cinye rarar. A haɗu gida uku ko huɗu, mutum ɗaya ya zo da sassafe lokacin da ake sauke kaya, a ɗauki kwando a raba. Daga Disamba zuwa Maris kayan noman rani na sauka daga Kano da Kaduna, tumatir yana araha. Da damina ta kankama sai ya yi wuta. A lokacin a koma kauɗa da busasshen tattasai, a wanke yashin sau uku, a jiƙa a ruwan ɗumi kafin niƙa. Fasasshen tumatir ɗin nan da ake kira esha, ina sayar da kaya amma gaskiya kada a kai wa majinyaci, musamman wanda ya fara farin gashi a jiki. Kwandon da kuka raba, a wanke a niƙa ranar, a tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, a ƙulla na miya ɗaya ɗaya. Albasa a baza ta inda iska ke shiga, ba cikin leda ba. Ganye kuwa, alayyafo da ugu, a unguwa za a saya na kwana biyu, ba ya jira.

Ɗan hatsi, Agege: Ƙari kan na Malam. Wake, gero da dawa a saya da robar fenti sau ɗaya a wata, ya fi sayen gwangwani gwangwani sauƙi. A shinshina wake kafin a biya, in yana warin maganin ƙwari a wuce. A gida a zuba a busasshiyar jarka a cika ta har wuya a toshe, ƙwaro ba ya rayuwa inda ba iska. Shinkafa in da hali a leƙa kasuwar Daleko a raba buhu da maƙwabta.

Nas, Idi-Araba: Tunda an ambaci ƙulla miya, a yi maganar wuta. Firij in an ɗauke wuta kuma ba a buɗe shi ba, awa 4 yake riƙe sanyi. Firiza cike taf takan kai kwana biyu, rabi kuwa kwana ɗaya. A cusa robobin ruwa su daskare a cike gurbin. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, a zafin nan ma gara ƙasa da haka. Abin da ya narke ya yi ɗumi ba a mayar da shi. Ɗumame a tafasa shi har tsakiya, sau ɗaya. Inda wutar unguwa ba ta da tabbas, gara a dogara da ƙwai, wake, garin kunu da banda mara gishiri, a sayi ɗanyen kifi ranar da za a dafa.

Akanta, Obalende: Allah ya saka wa kowa. Ga tsarin rabon, ƙanwata. Farko magani, kamar yadda aka faɗa. Na biyu kuɗin gashin ƙashi da na motar zuwa asibiti, a ƙirga ranakun wata a ware su, don mai shanyewar jiki ba ya hawa danfo, kuma motar haya ita ke cin kuɗi ba a ankara ba. Na uku hatsi, mai da gas. Abin da ya saura a cire kashi ɗaya cikin goma a ɓoye don gwaji ko tashin dare, ragowar a raba gida biyar, ba huɗu ba, saboda wata ya fi mako huɗu kuma a 'yan kwanakin nan ne ake cin bashi. Kowane kaso a ambulan ɗinsa. Na wannan mako in ya ƙare, a ci wake, kada a taɓa na gaba.

'Yan'uwa masu turo kuɗi, kada a bar su a kan “abin da ya sawwaƙa”. A ba kowa abu mai suna: wane magani, wane gas, wance kiret ɗin ƙwai biyu. Mutum ya fi cika alkawarin da ya san sunansa. A ajiye littafi, a rubuta kowace sayayya, a ɗauki hotonsa a tura musu ƙarshen wata. Yana kashe zargi tun kafin ya taso. Masu zuwa dubiya kuma, in sun tambaya me za su riƙo, a cire kunya a ce ƙwai ko lemu ko gwanda. Katan ɗin lemun kwalba ba abin da zai yi sai dai yara su shanye.

Hajiya mai abinci, Alaba Rago: Kuma ita mai jinyar ta ci abinci, a samu mai karɓarta ko yini ɗaya a mako. Ɗaga babban mutum ba wasa ba ne.

Mai famasi, Ketu: Abu biyu da na manta. Za a zo muku da garin magani da kwalaben “wankin jijiya” masu tsada, wasu har da rantsuwa. Kuɗin nan a kai su gashin ƙashi. Zoɓo mara sukari da zogale abinci ne, amma zoɓo yana ɗan sauke jini, in zai riƙa sha kullum a gaya wa likita. In an ɗora shi kan warfarin, maganin hana jini daskarewa, kada a ƙara ko a rage ganye farat ɗaya, a riƙe awo ɗaya. Na biyu, gishirin kanti da ake tallatawa wai na masu hawan jini, fotasiyam ne a ciki. Ga mai shan maganin hawan jini irin lisinopril ko losartan, ko mai raunin ƙoda, yana iya taruwa a jini ya rikita bugun zuciya, don haka sai da izinin likita.

Nas, Idi-Araba: A sayi na'urar awon jini ta dantse, ba ta wuyan hannu ba. Ya zauna minti 5 tukuna, a auna a hannun da ke lafiya safe da yamma, a rubuta a bayan littafin cefanen nan a tafi da shi asibiti. In baki ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko wani hannun ya saki, kada a ba shi komai ta baki, ko ruwan tofi. A kira lambar gaggawa 112 ko 767, ko a sa shi a mota nan take, a kuma riƙe ƙarfe nawa abin ya fara, shi za a fara tambayarku.