Shin Philip Wadler ne ya ƙirƙiro tsarin jenerik na Java?

Ɗalibin digiri na biyu: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake. Na gabatar da shawarar yin nazari a kan tasirin binciken Farfesa Philip Wadler na Jami'ar Edinbura, sai ɗaya daga cikin masu tantancewa ya ce aikin masana ƙa'idar harsunan kwamfuta a takarda yake ƙarewa, babu mai cin moriyarsa. Ta yaya za a faɗi haka a kan mutumin da ya ƙirƙiro tsarin jenerik, wanda ya shiga harshen kwamfuta na Java a 2004, kuma shi ne yake ba mai rubuta manhaja damar fayyace irin abin da zai zuba a jerin bayanai, ta yadda kuskure zai fito fili tun kafin manhajar ta fara aiki? Don Allah ku gaya mini ko an yi mini adalci.

Malamin jami'a: Wa alaikumus salam. Ƙanina, Allah ya huci zuciyarka, amma cewa ya ƙirƙiro ta yi nauyi. Maƙalar da ta gabatar da GJ, wato Generic Java, tsarin da aka gina jenerik na Java a kansa, a 1998 ta mutum huɗu ce: Gilad Bracha, Martin Odersky, David Stoutamire da Wadler. Haka kuma tun cikin shekarun 1970 harshen ML na Robin Milner da harshen CLU na Barbara Liskov suna da wannan tunani. Ba a ce wa wanda ya gaji gona ya gyara ta shi ne ya sare dajin.

Malama mai koyar da Haskell: Malam, da wannan ma'auni naka babu wanda ya taɓa ƙirƙiro komai. Wadler da Stephen Blott ne suka fito da tsarin rukunonin nau'i a 1989, wato hanyar haɗa nau'o'in bayanai masu ayyuka iri ɗaya a rukuni guda, wanda harshen kwamfuta na Haskell ya ginu a kansa, kuma Wadler da Paul Hudak ne editocin rahoton farko na harshen a 1990. Shi ne kuma ya kawo monad, wato dabarar jera matakan aiki a cikin manhaja, cikin rubutun manhaja. Idan wannan ba ƙirƙira ba ce, to mece ce?

Malamin jami'a: Hajiya, kin kawo hujjata da kanki. Monad daga lissafi ta fito, kuma Eugenio Moggi ɗan Italiya ne ya fara amfani da ita wajen bayanin ma'anar manhajoji. Wadler ya ɗauka ya sauƙaƙa ta ga masu rubutu, shi kansa kuma bai taɓa ɓoye sunan Moggi ba. Wannan yaɗawa ce, tana da daraja, amma sunanta daban.

Injiniyan manhaja: Ku masu Haskell kullum kuna son mayar da kowane ci gaba naku. Odersky ne ya zauna ya rubuta manhajar da ke fassara GJ zuwa harshen da injin Java yake karantawa, wadda kamfanin Sun, mai Java a lokacin, ya ɗauka daga baya, sannan ya je ya haɗa harshen Scala a Suwizalan. Kuma tsarin jenerik na Java da kuke alfahari da shi yana goge bayanin nau'i bayan fassara, abin da muke fama da shi a wurin aiki har yau. Don Syme da Andrew Kennedy sun yi wa harshen C# wanda ya fi shi a 2005.

Malama mai koyar da Haskell: Injiniya, an zaɓi gogewar ne da gangan domin tsofaffin manhajojin Java su ci gaba da aiki ba tare da an sake rubuta su ba, kuma kai ma ka san haka. Ban yarda a riƙa raina mu ba don kawai ba mu aiki a kamfani.

Injiniyan manhaja: Ban raina kowa ba, Hajiya. Na dai lura cewa duk wanda ya soki Haskell a nan sai a ce bai fahimce ta ba.

Ɗalibin digiri na biyu: Iyayena, tambayata a kan hukuncin mai tantancewa take, har yanzu babu wanda ya taɓo ta.

Shugaban zaure: Lokaci ya ja, bari in tattara. Kowa ya amince cewa sunan Wadler yana cikin aikin GJ, da rukunonin nau'i, da shigar monad cikin Haskell, kuma a ganina mutumin da hannunsa yake cikin manyan ayyuka uku irin waɗannan ya cancanci a kira shi mai ƙirƙira, ko da tare da abokan aiki ya yi su. Maganar Malam a kan Moggi gyara ce ƙarama wadda ba ta sauya komai ba, batun C# kuwa ba shi ya tara mu ba. Na koyar da Haskell shekaru da dama, ina kuma ganin Hajiya ce ta fi kawo hujja. Ƙanina, ka bar kalmarka ta "ƙirƙiro" yadda take, ka ƙara sunayen Odersky da Bracha da Stoutamire a shafin farko, ka sake miƙa shawararka.