Harsashi mai rami a kai: me masu tara shi suke gani a ciki?

Ɗan Kawo: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke Amurka ya turo mini hoton kwalin harsashin ƙaramar bindiga, Black Talon. Wai maƙwabcinsa ya ɓoye shi tun tuni, bai harba ko ɗaya ba, kuma ya ƙi sayarwa. Kan harsashin baƙi ne, da rami a tsakiya. Mene ne amfanin ramin? Kuma harsashi ai ba tsohon kuɗi ba ne, ina abin tarawa?

Tsohon Soja, Kakuri: Wa alaikumus salam, ɗana. Ramin shi ke sa dalmar ta buɗe in ta shiga jiki, ta tsaya a ciki, kada ta fita ta samu na baya. Shi ya sa 'yan sandan Amurka suke riƙe shi. Mu sojoji namu rufaffen kai ne, domin yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana harsashi mai buɗewa a yaƙi. Sunan dum-dum da kake ji ana kiran irin wannan harsashi ma daga masana'antar makaman Ingila ta garin Dum Dum ne, kusa da Kalkata a Indiya.

Na ƙaramar bindiga na zamani, Lee Jurras ne ya buɗe kasuwarsa da kamfanin Super Vel a 1963: harsashi mara nauyi, mai gudu. Sai 11 ga Afrilu 1986, aka yi musayar wuta da 'yan fashi a Miami, jami'ai biyu na FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka mutu. Harsashin Silvertip mai rami, da wani jami'i ya harba, ya samu ɗaya daga cikin 'yan fashin, ya buɗe yadda aka tsara, amma ya tsaya dab da zuciya, mutumin ya ci gaba da harbi. Daga nan FBI ta ce buɗewa kaɗai ba ta isa ba, sai ya nutse inci 12 zuwa 18 a daskararren abin gwajinsu mai kwaikwayon tsokar jiki. Kamfanoni kowa ya koma ya sake zane.

Black Talon ɗinka a wannan rububin ya fito, daga kamfanin Winchester, a 1991. A ganina sunan ne ya ja masa, da baƙin launin. Bayan wani ya kashe mutane da shi a San Francisco a 1993, jaridu suka yi ca, kamfanin ya janye shi daga kasuwar jama'a. Kusan irinsa ya ci gaba da fita da sunan Ranger SXT, babu wanda ya yi hayaniya. To maƙwabcin nan kwalin yake tsaro, da labarin.

Malama Unguwar Rimi: Baba ya gama magana. Amma Malam, kar ƙanenka ya yi gigin sako ko ɗaya a jaka wai tsaraba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana riƙe harsashi ba lasisi, ƙaramar bindiga kuwa tana jerin waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. "Ado nake yi da shi" ba hujja ba ce a kotu.

Ɗan Kawo: Allah ya kiyaye, Malama, hoton ya ishe ni. Baba, namu na Kaduna fa, akwai masu nemansa?

Tsohon Soja, Kakuri: Akwai mana. Masu tarawa gindin kwanson suke dubawa, inda ake buga tambarin masana'anta. DICON ɗinmu, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, tun 1964 take, kuma kwanson da ka ga an buga masa OFN, nan Kakuri aka yi shi.