Neman shawara: zan kai Hajiya yawon jirgin ruwa da sassafe a Walvis Bay, amma hazo na ba ni tsoro

Baban Ihsan: Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki a Windhoek, babban birnin Namibiya, kuma mahaifiyata ta zo mana ziyara daga Yauri. Shekarunta 67. A bakin Kwara ta tashi, amma ba ta taɓa ganin teku ba, kuma kullum maganarta ke nan. Na yi niyyar a watan Agusta in kai ta Walvis Bay, wani gari a bakin teku, tare da maiɗakina da yara biyu, mu yi shatar ƙaramin jirgi mu kaɗai, mu fita da sassafe. Abin da ya tsayar da ni shi ne hazo. Na taɓa kwana a Swakopmund, garin da ke kusa da Walvis Bay, da gari ya waye ko motar da ke gabana ban iya gani ba. Ga shi tun hatsarin jirgin da ya nutse kusa da Wara a 2021, wanda ya ci mutane da yawa a yankinmu, gabana ke faɗuwa da duk abin da ya shafi ruwa. In shiga da tsohuwa cikin wannan hazo, ko in bari sai rana ta take? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Malam, kada ka bari sai da rana. A wannan gaɓar safiya ce lokacin da ruwa ke kwance. Da zarar azahar ta wuce iska ke tasowa daga kudu maso yamma, ruwa ya fara tambal-tambal, kuma wannan ne zai wahalar da Hajiya fiye da hazo. Shi ya sa yawancin jiragen yawon da safe suke fita, su dawo kafin iskar ta kankama.

Injiniya Mai Tashar Ruwa: Bari in ɗan tsawaita, don na yi shekaru ina aiki a tashar jiragen ruwa.

Da farko, wannan hazon ba irin namu na hunturu ba ne. Namu ƙura ce daga Sahara, tana busar da leɓe tana fasa ƙafa. Nasu ruwa ne tsantsa. Akwai igiyar ruwan sanyi da ake kira Benguela, tana tahowa daga kudu tana bin gaɓar Namibiya zuwa Angola. Idan iska mai laima ta ratsa ta saman wannan ruwan sanyi sai ta yi sanyi ita ma, laimar ta zama ƙananan ɗigo, su taru su rufe ko'ina. Garin da ruwan saman da yake samu a shekara bai kai milimita 20 ba, amma ka fito da safe ka tarar da motarka jiƙe sharkaf. Har akwai wani buzuzu a hamadar Namib da ke hawa tudun yashi da asuba, ya kifa kai ƙasa ya ɗaga baya, hazon ya taru a jikinsa ya gangaro masa baki. Da haka yake sha. Ikon Allah.

Ba zan ɓoye maka ba, hazon nan ya ci jirage. Jirgin Eduard Bohlen ya kafe a yashi cikin hazo a 1909, har yau gawarsa na nan kudu da Walvis Bay, yashi ya raba ta da teku. Amma wancan zamanin babu rada, wato na'urar da ke nuna abin da ke gaban jirgi ko ido bai gani, babu GPS, kuma a buɗaɗɗen teku ne. Yawon da za ku yi yawancinsa a cikin ƙugun ruwa ne, wanda wani dogon harshen yashi mai suna Pelican Point ya kare shi daga igiyar Atlantika.

Haɗarin da ya fi damuna a wurin shi ne manyan jiragen kaya, domin Walvis Bay ce babbar tashar ƙasar. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka je da ƙafarka ka ga jirgin. Ka ce matuƙi ya nuna maka lasisinsa da takardar da ta faɗi mutum nawa jirgin zai ɗauka. Ka duba ko akwai rada da GPS da rediyon jirgi, ka ce a kunna a gabanka. A rediyon jirgi, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya. Kuma a dokar teku, jirgi mai inji da ke tafiya cikin hazo dole ya busa dogon ƙaho aƙalla sau ɗaya duk minti 2, ya kuma rage gudu. In ka tambayi matuƙi wannan ya tsaya kame-kame, ka yi masa sallama ka nemi wani.

Maman Khalil: Ni dai gaskiya hankalina bai kwanta ba. Tsohuwa mai shekara 67, ga yara, ga ruwan da ba a ganin gaba? Baban Ihsan, ba gara ka kai ta bakin ruwa ta zauna a kujera ba? Na ji ana cewa tsuntsayen filamingo ma daga kan titin bakin ruwan ake ganinsu birjik. Ta ga teku, ta yi hoto, ku koma gida lafiya.

Abu Sadiq: Maman Khalil, maganar filamingo gaskiya ce, ana ganinsu daga tudu. Amma abin da ya kashe mutane a Wara lodi ne ya wuce kima a tsohon jirgi, kuma babu rigar ruwa. Su mutum biyar ne a jirgin da aka duba. Ba ɗaya ba ne.

Hajiya Umma: Ɗana, ni sa'ar mahaifiyarka ce, kuma an kai ni na shiga wannan jirgin, don haka ka ji daga bakina. Ban ji tsoron hazon ba, sanyi ne ya ba ni kashi. Agusta can lokacin sanyinsu ne. Mayafi da zani ba za su yi ba. Ka nema mata rigar sanyi mai kauri, da safa, da wata rigar da ba ta shan ruwa a sama, don hazon jiƙa kaya yake a hankali ba ka sani ba. Rigar ruwa kuwa a ɗaura mata ita a kan hijabi tun kuna tudu, a ja igiyoyin su kama jiki. Ruwan can ƙanƙara ne, ko gwanin iyo ba ya daɗewa a ciki. Na yaran kuma a tabbatar daidai jikinsu ne, kada a ba su na manya.

Sai abu ɗaya da ba wanda ya faɗa mini. Akwai wata dabbar teku da suke ce wa sil, kai kamar na kare, jiki sumul kamar ayu. Dubbansu ne kwance a Pelican Point, tun ba ka gan su ba za ka ji kukansu da ƙarninsu ta cikin hazo. Wasu sun saba da mutane, tsalle suke yi su faɗo cikin jirgi neman kifi. Ni da na ga ɗaya a gefen ƙafata sai salati. Ka faɗa wa Hajiya tun a gida, kada ta firgita ta miƙe tsaye, kuma ka hana yara taɓa su, suna cizo. Kwasa-kwasa ma na sauka a kan jirgin, amma ita kam mutanen Yauri sun san ta.

Wallahi lokacin da matuƙi ya kashe inji, ko'ina fari fat, ba sama ba ƙasa, sai ƙarar ruwa a jikin jirgi, hawaye na yi. Can sai hasumiyar fitilar Pelican Point ta fara fitowa daga cikin hazon kaɗan-kaɗan. Kada ka hana ta ganin wannan.

Malam Na Zangon Kumasi: Ƙari a kan na Hajiya. Al'adar jiragen can su kawo ɗanyar kawa, wani abin teku mai ɓawo, da giya a ƙarshen yawo. Tunda shata ka yi, ka faɗa musu tun wajen ciniki cewa ba ku son giya a jirgin, a kawo shayi da lemo. Kawa kuwa a mazhabarmu ta Malikiyya abincin teku halal ne, sai dai ɗanya ce, ban ba da shawarar tsohuwa ta gwada ba. Sallar asuba ba za ta takura ku ba, a Agusta rana ba ta fitowa can sai bayan ƙarfe 7.

Injiniya Mai Tashar Ruwa: Na manta abu biyu. Cikin hazo an fi jin jiri da tashin zuciya, saboda ido ba ya samun wurin da zai kafe. A zaunar da ita a tsakiyar jirgi, ta karya da abu marar maiƙo, ku riƙe citta. In tana shan maganin hawan jini ko na suga, a tambayi likita kafin a ba ta maganin amai. Na biyu, ku kwana biyu a garin, ku yi yarjejeniya cewa in matuƙi ya ce yau ba fita, za a ɗaga zuwa gobe ba tare da kuɗinka ya nutse ba. In ya ce a jira awa ɗaya, ku jira, kada ka matsa masa don ka biya. Kuma fa a wannan lokacin wata rana iskar gabas ke busowa daga hamada da zafi da ƙura, ranar ko ɗigon hazo ba za ka gani ba.

Baban Ihsan: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya duka, har da na Maman Khalil, na ce ta zaɓa. Ta ce ita da aka haifa a bakin Kwara ba za ta zo har teku ta tsaya a tudu ba, amma rigar ruwa ko ba a ce ba za ta saka, don ta san gidajen da aka yi zaman makoki a 2021. Zan isa kwana ɗaya kafin su in ga jirgin da idona, Injiniya, da tambayoyinka a rubuce. Hajiya Umma, ta ce in gaishe ki, kuma tana tambaya ko takalmi rufaffe kika saka, don ita silifa kawai ta zo da shi.

Hajiya Umma: Ina amsawa. Rufaffe, ɗana, mai ƙasan roba, don daɓen jirgin santsi yake. Ka saya mata lamba ɗaya sama da nata saboda safa.