Inna na son dawowa daga Legas kafin Babbar Sallah: jirgi ko mota?

Ɗan Taura:
Slm jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka saba da hanyar Legas. Innarmu ce ta je Agege wankan jegon ƙanwata, an yi arba'in tun satin da ya wuce, to yanzu ta tada hankalin kowa wai ita lallai a gida za ta yi sallar layya, don ragon da ta yi wata 7 tana turkawa yana nan kuma ba ta yarda wata ta raba mata naman ba ko da kuwa matata ce. Mijin ƙanwar tawa ya ce zai biya mata jirgin sama zuwa Kano, amma da ya duba kuɗin tikiti na satin sallah ya kira ni sai na ji muryarsa ta yi sanyi. Ga shi Inna ba ta taɓa hawa jirgi ba, ba ta jin Turanci ko na sisin kwabo, ga ciwon gwiwa, ga kaya kamar mai tashi daga gari: Ghana-must-go 3, jarkar manja, garin kwaki, da wata ƙatuwar tukunya da ban san me za ta yi da ita ba. Da za ta tafi doguwar bas ta hau tare da wani ɗan garinmu, ta isa dai lafiya amma sai da ta kwana 2 ana gasa mata ƙafa. Wani kuma ya ce min wai akwai jirgin ƙasa yanzu. Mu ƙauyenmu ko Taura ka sauka sai ka hau babur. Yaya za a yi?

Maman Khalifa:
Wa'alaikumus salam. Allah ya raya jaririn. Ɗan'uwa ni bara na yi wannan tafiyar ana saura kwana 3 sallah, ni da yara biyu, kuma wlh har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi a sama ba, mu ta cinye mana yini guda cur. Jirgin ƙarfe 11 na safe ne, muka sammako tun bayan asuba saboda gosulo, aka ce an ɗaga zuwa 2, daga 2 aka ce 5, babu mai yi maka bayani sai wata murya a lasifika da ba ka gane abin da take cewa, ƙaramin ya yi kuka har muryarsa ta dishe, kujerar zama ma babu sai kan jakata na zauna. Da muka tashi kuma aka yi hadari, ka san Babbar Sallah yanzu farkon damina take faɗowa. Ba mu sauka Kano ba sai bayan isha. To a lokacin wace mota za ka samu ta Ringim? Dole muka kwana gidan wata gwaggona a Birget, washegari muka nufi tashar Yankaba.

Abin da mutane ke mantawa ke nan, mu mutanen ƙauye jirgi ba gida yake kai mu ba, Kano yake ajiye mu, sauran tafiyar tana nan tana jiran ka. Don haka in jirgin ne a nema mata na farko da sassafe, don jirgi ɗaya ne yake zirga-zirga gari-gari, in ya makara da safe to na yamma su ke biyan bashin. Kuma a faɗa musu tun wajen sayen tikiti tsohuwa ce a tanadar mata keken guragu, za su tura ta har bakin jirgi, ba abin kunya ba ne. Manja kam ta manta da shi, ni a gabana aka hana wata. Sauran kayan ma awo ake yi, in ya haura kilon da suka yanka sai ka biya kowane kilo, kafin ka ankara kuɗin garin kwakin ya fi na buhun gero.

Direba Mai Sharon:
Malam ni sana'ata ce hanya, amma gaskiya ɗaya ce, kar ka sake ɗora tsohuwa a bas a satin sallah. Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, in an biyo ta Lokoja a shigo Abuja, Kaduna, Zariya, Kwanar Dangora, Kura sannan Kano. Ranar da Allah ya taimaka kwana ɗaya ne, amma lokacin biki in tirela ɗaya ta lalace wajen gadar Koton Karfe sai ku yi awanni a tsaye, rana ta dake ku, ba banɗaki ba wajen alwala. Lokacin ne kuma motocin raguna ke gangarawa kudu, mutane kuma na hawowa arewa, kowa na sauri, direba ya yi sawu biyu bai runtsa ba don ya san kasuwar ta sati ɗaya ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin motar ma ba sauƙin da ake tunani, ana gobe jajibere kuwa sai abin da ƴan kamasho suka ce.

Shawarata a raba Inna da kayanta. Kaya su biyo mota, ita ta biyo sama. Surukin naku ya je kasuwar Mile 12, motocin da suka sauke albasa da dabbobi suna dawowa arewa kusan kullum, ya ba da saƙo a rubuta sunanka da lambarka a jikin kowace jaka, ya karɓi lambar direba da ta yaron mota. Jarkar manjan a sa leda a bakinta kafin a murɗa murfin, a ɗaure a cikin buhu, in ba haka ba atamfofin sallah za su iso ja wur. Ni in ka ga dama ka kira ni ranar, daga Kano zuwa Taura ta Gezawa da Ringim ba wani abu ba ne, amma ka guji Lahadi saboda cin kasuwar Gujungu, motocin layin duk a cike suke.

Baffa na Malam Madori:
Yarona, wanda ya ce maka akwai jirgin ƙasa bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maka zancen ba. Sabon jirgin gutsi-gutsi ne. Akwai na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, har tasha yake da ita a Agege, amma a Moniya yake tsayawa. Akwai na Abuja zuwa Kaduna tun 2016, daga Idu zuwa Rigasa, shi ne wanda ƴan bindiga suka kai wa hari a watan Maris na 2022 aka dakatar da shi har zuwa Disamba. To tsakanin Ibadan da Abuja fa? Mota. Daga Rigasa zuwa Kano fa? Mota, don layin Kaduna zuwa Kano ana kan aikinsa, haka na Kano zuwa Maraɗi da aka ce zai yi reshe zuwa Dutse. Ka lissafa sau nawa mai ciwon gwiwa za ta hau ta sauka.

Abin da ke ba ni takaici, mu da muka taso jirgi ta ƙofar gidanmu yake wucewa. Dogo ya iso Kano tun 1911, aka ja shi har Nguru a 1930, ya ratsa Ringim ya ratsa garinmu. Da shi ake kwasar gyaɗa da fatu, mu ma da shi muke zuwa Kano, mata na tallan dafaffen ƙwai da rake ta taga, mutum ya shiga da akuyarsa da buhunsa ba mai ɗora masa kaya a sikeli yana harararsa. Ba ya sauri, wani lokaci ku yini a tasha kuna jira, amma tsohuwa za ta miƙe ƙafarta ta yi sallarta. Da yana nan yadda yake a da, da Ringim kawai za ka je ka tarbe ta da tukunyarta.

Auta:
Hhh ni dai a ganina a bar Inna ta yi sallah a Legas kawai, a yanka ragon a tura mata hoto ta WhatsApp, bayan sallah da sati tikiti ya sauko ta dawo a tsanake.

Ɗan Taura:
Auta ba ka san Inna ba ne, na gwada faɗa mata haka ta ce in ba wa matata wayar, sai da ta tambaye ta ko ita ce ta kitsa min zancen. Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Baffa Allah ya ƙara girma, Inna ma ta sha ba mu labarin jirgin Nguru, ta ce a cikinsa aka kai ta asibiti Kano tana yarinya. Mun yi magana da surukin namu, an samu na sassafe ranar Talata saura kwana 10 sallah, da sauƙi sosai a kan na satin, kuma akwai wata maƙwabciyarsu ƴar Gumel da za ta taho ranar, za su zauna tare. Kaya za su biyo mota kamar yadda Mai Sharon ya ce, zan neme ka ta inbox. Saura rigima ɗaya, ta yarda da komai amma ta ce manjan nan a cinyarta za ta riƙe shi. Maman Khalifa ko zan haɗa ku a waya ki yi mata bayani da bakinki? Ni ta daina ɗaga kirana tun jiya.